Maɓallin kunna injin niƙa: duba cikinsa kafin ka biya kuɗi

Tambaya: Malam, koren maɓallin kunna injin niƙana ya mutu, na sayo wani mai kama da shi sak. Yanzu in na danna ja injin yana tsayawa, amma da na ɗaga yatsa sai ya sake tashi. Me ya jawo?

Amsa: Kama ce kawai, cikinsu ba ɗaya ba ne. Maɓallin dannawa iri biyu ne. Akwai wanda ke haɗa wuta muddin yatsa na kansa, da an sake shi sifirin ya mayar da shi, kamar na ƙararrawar ƙofa. Akwai kuma mai maƙalewa, wanda sai an sake dannawa yake saki. Na biyun aka sayar maka.

A akwatin inji, aikin kore shi ne ya ba kwantakta, wato babban makunnin da ke kai wa motar injin wuta, lantarki na ɗan lokaci, daga nan ita ke riƙe kanta ta ƙaramin mahaɗinta mai lamba 13 da 14. Ja yana yanke wannan riƙon. To, naka koren ya maƙale, shi ya sa ja ba ya iya gamawa da shi. Kada ka yi ko kwana ɗaya a haka: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, injin zai tashi da kansa, wataƙila hannun yaro na kan bel.

Ka je kasuwa da tsohon. Nemi wanda ba ya maƙalewa, mai alamar NO (wato a rabe yake sai an danna), lamba 3 da 4, na rami milimita 22 in haka akwatinka yake. Ja shi ne NC, lamba 1 da 2, a haɗe yake kullum sai an danna, don ko waya ta tsinke injin ya tsaya. Gwada koren da mitar gwada haɗin waya a gaban mai shago: ta yi ƙara in ka danna, ta yi shiru in ka saki. Tunda wurin niƙan gari ne, ƙara kuɗi ka ɗauki mai IP65, ƙura ba ta shigarsa.

Tambaya: Zan iya kunna fitilar sola da ɗan ƙaramin maɓallin dannawa mai ƙafa huɗu, irin na cikin kayan lantarki?

Amsa: A'a. Mai milimita 6 galibi miliamfiya 50 yake ɗauka a bolt 12. Fitila mai wat 12 amfiya 1 take ja, ninki 20 ke nan, mahaɗin zai ƙone. Sa shi ya ba rile ko taransisto (makunnan da ƙaramar wuta ke sarrafawa) umarni, su ɗauki nauyin.