Tambaya da Amsa: Wane gam ne zai riƙe facin jirgin roba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka mana. Mu ƴan wani ƙauye ne a bakin kogin Haɗejiya ta wajen Auyo, bayan ambaliyar 2022 muka yi karo-karo muka siyo jirgin ruwa irin na roban nan da ake hura wa iska, dashi muke tsallakar da mata da yara in ruwa ya cika. To ƙaya ta huda shi ta gefe, mun kai wa mai faci ya sa sulushan ɗinsa na taya ba a jima ba facin ya ɗaye, wani yace a sa sufa gulu shima ya tsage. Wane gam zamu nema? Daga ɗan'uwanku a Auyo, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya saka muku da alheri kan wannan hidima. Mai facin nan kar ku ga laifinsa, sulushan ɗinsa don robar tif da taya aka yi shi, shi kuwa jirginku ido ne kawai ke ganinsa kamar roba, yadi ne aka shafe da wani abu daban. Sufa gulu kuma in ya bushe ƙandarewa yake, jirgi kuwa kullum cikin kumbura da lanƙwasa yake, dole ya tsage. Haka ma Araldite da gam ɗin masu haɗa bututun famfo, ku bar su.

Kafin ku kashe ko kwabo ku fara gano da me aka yi jirgin, don iri biyu ne, akwai PVC akwai Hypalon (sunayen abin da ake shafe yadin da shi kenan), kuma gam ɗin wannan baya kama wancan. Ku leƙa ta ramin da ake hura iska, in launin ciki da na waje ɗaya ne to PVC ne, in cikin baƙi ne ko ruwan toka mai duhu Hypalon ne. Ko ku ɗan goga sanfefa a wani lungu, Hypalon zai dusashe ya fidda gari, PVC ƙarzuwa kawai zai yi. Ni dai zato na naku PVC ne, masu araha galibi shi ne.

In PVC ne ku nemi gam ɗin da aka rubuta PVC ko PU (wato polyurethane, sinadarin gam ɗin) a gwangwaninsa, kuma mai haɗi biyu, wato gam da ƴar kwalbar ruwan da ke ƙarfafa shi. Mai haɗi ɗaya na jeka-na-yi-ka ne, da rana ta gasa shi sai ya saki. Ku bi awon da ke jikin gwangwanin ku haɗa daidai wanda zaku shafa, don cikin ƴan awanni ragowar ya mutu. Abin facin kuma in babu wanda yazo da jirgin, yankin tamfol mai kauri irin na tirela zai yi, shima PVC ne.

Sauran aikin haƙuri ne, kuma anan mutane suka fi ɓata abin. Ku shafa kumfar Omo ku ga inda ke tsiyaya, ku sace iskar, ku wanke ya bushe sarai, ku kankare tsohon sulushan ɗin tas, ku goge da asiton (acetone, wani ruwan sinadari mai wanke maiƙo), banda fetur dan Allah, maiƙo yake bari. Facin ya zarce hujin da santimita 5 ta ko'ina, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don daga nan yake fara ɗayewa. Ku shafa gam siriri a ɓangare biyun, ya sha iska, ku ƙara shafi na biyu, in ya fara danƙo ku haɗa ku murje da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Kar ayi a bakin kogi ko da sassafe cikin raɓa, danshi ne babban abokin gabar gam ɗin nan, a samu rumfa mai iska nesa da wuta da mai shan sigari, don gam ɗin yana kamawa da wuta.

A bar shi awa 24 aƙalla kafin a hura, 48 yafi. Bayan nan ku hura shi ya kwana a tudu, in da safe yana nan tam sannan a ɗauki mutane. In kuwa yagewar doguwa ce sai an yi faci ciki da waje.