Amsoshin Tambayoyinku: Takmim, Ciwon Suga da 'Yan Tallan Magani

Wasiƙun wannan makon kusan duk sun taru a kan tiyatar rage ƙiba, musamman nau'i biyu da a nan Saudiyya ake kira takmim (rage girman tumbi) da tahwil masar (sauya wa abinci hanya). Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya.

Hajiya, ni direba ne a Makka, shekarata 44, ina da ciwon suga shekara 5, nauyina kilo 118. Likita ya ce in zaɓi takmim ko tahwil masar. Wani abokina ya rantse sugansa ya sauka tun kafin ya rame. Gaskiya ne? Wanne zan yi?

Ƙanina, abokinka bai yi ƙarya ba. Mutane na ɗauka aikin tumbi karɓar abinci kawai ne, alhali shi da hanji suna fitar da sinadaran homon da ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa da fankiriyas, wato sashen da ke samar da insulin. A takmim ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, kuma a ɓangaren da ake cirewa ne ake samar da yawancin girelin, homon ɗin da ke tayar da yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ya sa za ka ga an ajiye wa mutum tiren kabsa, ya yi loma biyu ya janye hannu. A tahwil masar kuma ana yanke ɗan ƙaramin aljihu daga tumbin a haɗa shi da hanji can ƙasa. Abinci na isa wurin da sauri, sai hanjin ya saki wasu homon biyu, GLP-1 da PYY, da yawa. Na farkon yana sa a fitar da insulin daidai lokacin da aka ci abinci, su biyun kuma suna sa a ji an ƙoshi. Idan ka haɗa wannan da ƙarancin abincin kwanakin farko, wanda ke sauke wa hanta kitse, sai suga ya fara sauka cikin 'yan kwanaki.

Amma kada a yi maka alkawarin da ba a iya cikawa. A binciken da aka yi a asibitin Cleveland na Amurka kan mutum 150, wanda sakamakonsa na shekara 5 ya fito a 2017, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tahwil masar ne gwajinsu na HbA1c, wato awon matsakaicin suga na kusan wata uku, ya tsaya a 6 ko ƙasa, kashi 23 na masu takmim, sai kashi 5 na masu shan magani kaɗai. Ka ga tiyata ta fi magani nesa ba kusa ba, kuma ka ga ba kowa ke kaiwa can ba. Wanda ciwonsa bai daɗe ba, kuma bai fara allurar insulin ba, shi ya fi dacewa, don haka shekara 5 ɗinka ba ta yi nisa ba. Idan kana fama da ƙwannafi, gaya wa likita tun yanzu, domin takmim na iya ƙara shi, tahwil masar kuma yakan rage shi. Sai dai tahwil ya fi jawo ƙarancin sinadarai a jiki. Kuma ka kai masa duk kwalayen magungunanka, akwai na suga da dole a tsayar da su kwanaki kafin a shiga ɗakin tiyata.

Hajiya, wata 14 ke nan da yi mini tahwil masar. Idan na sha shayi mai suga da dabino, bayan kamar awa biyu sai jikina ya ɗauki rawa, gumi ya rufe ni, idona ya yi duhu. Ina tsoron ko ciwon ne ya dawo, ko an yi mini kuskure a aikin. Ba na iya barci. (Daga Jidda)

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan abu sananne ne kuma yana da mafita. Alamun da kika faɗa sun fi kama da faɗuwar suga, ba hauhawarsa ba. Zaƙin yana shiga hanjinki kai tsaye, suga ya yi tsalle, GLP-1 ya sa a zubo insulin fiye da yadda ake buƙata, sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugan ya faɗo ƙasa warwas. Yawanci sai an yi shekara ko fiye da tiyata yake bayyana, kamar dai naki. Duk lokacin da abin ya taso, ki huda yatsa ki gwada, ki rubuta lamba da abin da kika ci da lokacin. Idan ya yi ƙasa da 70, ki sha ɗan abu mai zaƙi kaɗan, bayan kin dawo hayyacinki ki bi shi da ƙwai ko cuku ko gyaɗa. Ki rarraba abincinki ƙanana sau biyar ko shida, ki fara da nama ko kifi ko ful, ki bar shan ruwa a kan abinci sai bayan rabin awa. Dabino ba haramun ba ne a gare ki, amma guda ɗaya bayan abinci, ba guda bakwai a kan yunwa ba. Ki kai wa likitanki takardar nan a wannan makon, musamman idan har yanzu kina shan wani maganin suga, wataƙila ya yi miki yawa yanzu. In kin taɓa suma, kada ki jira ranar ganin likita. Allah ya ba ki lafiya.

An ce sugana ya warke bayan takmim, na ba maƙwabcina na'urar gwajina. Zan iya komawa Vimto da kunafa? (Daga Riyad)

Je ka karɓo na'urarka. Likitoci ba su ce maka ya warke ba, cewa suka yi ya lafa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da nasu ya lafa yakan dawo musu cikin shekara 5. Abin sha mai zaƙi ba ya tsayawa a tumbi komai ƙanƙantarsa, wucewa yake yi. Ka ci gaba da gwajin HbA1c da na ido da na ƙoda duk shekara.

Hajiya, kuɗin aikin ya cinye mini adashina duka. Bitamin ɗin saidaliyya, wato kantin magani, ya yi mini tsada, na daina saya wata 4 ke nan. Wata mata a gurup ɗinmu na WhatsApp tana sayar da garin "gyaran homon" da bitamin a farar roba, tana kuma da allurar Ozempic, ta suga da ake yi don rage ƙiba, ba sai da takardar likita ba, a rabin kuɗi. Gashina na zuba. In saya? (Daga Madina)

Kada ki saya, 'yata, ko ɗaya daga cikinsu. Kuma bari in tsaya a nan in yi magana, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutanenmu za su tara riyal dubbai, su ci bashi, su sayar da gwal, a yi aikin, sai a tsaya ana ƙyashin kuɗin ƙwayar da ba ta kai kuɗin shinkafar mandin Juma'a biyu ba. Wanda zai yi wannan tiyata ya sani tun farko cewa lissafinsa bai ƙare a ranar sallama daga asibiti ba. Akwai bitamin na har ƙarshen rayuwa, akwai gwajin jini, akwai ganin mai kula da abinci. Tumbin da aka rage shi ne ke samar da sinadarin da jiki ke tsotsar bitamin B12 da shi. Jiki na da ajiyar B12 da ke iya kai shekaru, shi ya sa mace ke daina sha ta ce ai ba ta ji komai ba, sai ranar da ƙafafu suka fara mutuwa, mantuwa ta shigo, wani lokaci kuma jijiyar ba ta komawa yadda take. Sinadarin ƙarfe na jini a farkon hanji ake tsotsarsa, wurin da tahwil masar ke tsallakewa. Idan kalsiyam da bitamin D suka yi ƙasa, wani homon da ke fitowa daga wuya yana tashi ya riƙa kwaso kalsiyam daga ƙashi, mutum bai sani ba sai ya karye. Mu kuwa a ƙasar nan, duk da ranar da ke ƙona mu, ƙarancin bitamin D ya yi yawa, don daga gida sai mota sai ɗaki mai sanyi.

To a cikin wannan hali ne wata za ta miƙo miki farar roba, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu lambar da za a bincika, ta ce bitamin ne. Wa ya auna abin da ke ciki? Garin "gyaran homon" kuwa, ki tambaye ta wane homon ɗin, insulin ne ko na wuya ko na haihuwa? Ba za ta iya faɗa miki ba. Canjin homon ɗin da kike ciki shi ne amfanin aikin da kika biya kuɗi aka yi miki, ba ɓarna ce da ake gyarawa da gari ba.

Allurar ta fi ba ni tsoro. A watan Oktoba na 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun alƙalamin Ozempic, sugansu ya faɗi, aka yi zargin insulin aka ɗura a ciki. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. Ki yi tunanin irin wannan a jikin da dama sugansa ke saurin faɗuwa. Ko da ta gaske ce, allura ce da ake ajiyewa a firji kafin a fara amfani da ita, ba a jakar hannu ko but ɗin mota a zafin Madina ba. Kuma aikinta kwaikwayon GLP-1 ne, wanda hanjinki ya riga ya ninka. Akwai waɗanda likita ke rubuta wa ita idan ƙiba ta dawo bayan tiyata, amma shi ne zai yanke, da gwaji a hannunsa. Araha ba ta ado, balle a kan abin da za a tsira a jiki.

Haka nan masu tallan takmim a Snapchat da rangwamen "kawo ƙawarki a rage muku". Ku tambaya a rubuce: sau nawa za a duba ni bayan aiki, wa zai biya idan ɗinkin tumbi ya yi yoyo, likitan yana da rajista da hukumar tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya? Wanda ya yi muku kwana-kwana a kan amsa, ku tashi.

Ke kuma, zubar gashi tsakanin wata 3 zuwa 6 bayan aiki abu ne da aka saba gani, yakan tsaya da kansa, amma rashin furotin da sinadarin ƙarfe na tsawaita shi. Ki je a gwada jininki, ki gaya wa likita gaskiya cewa kuɗi ne matsalar, ya rubuta miki mai sauƙin farashi daga cikin masu rajista. Ki duba ko ta'amin ɗinki, wato inshorar lafiya, na ɗaukar wani abu. Duk maganin da kike shakka, ki kira hukumar abinci da magunguna a 19999. In kuma kina yawan amai, ki tafi asibiti yau, ƙarancin bitamin B1 da amai ke jawowa ba ya jira.

Hajiya, shekara 6 da aure ban samu ciki ba, al'adata sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Wata 5 bayan takmim ta daidaita. Maigida na murna, uwar mijina na ƙirga kwanaki. Ni kuma tsoro nake ji. (Daga Ɗa'if)

Alhamdu lillah, 'yar'uwa, wannan labari ne mai daɗi. Raguwar kitse da daidaituwar insulin kan sa ƙwan mace ya dawo fita a kan lokaci. Tsoronki ma yana kan hanya: likitoci na ba da shawarar a jira wata 12 zuwa 18, domin yanzu jikinki na zubar da nauyi da sauri, abin da kike ci da ƙyar yake isar ki, balle ɗan tayi. Ki tafi da maigida wurin likitar mata ya ji da kunnensa, shi zai fi iya shawo kan Hajiyarsa. Ki tambayi hanyar tazarar da ta dace da ke, don ƙwayar sha ba abin dogaro ba ce idan ana amai, haka kuma ga waɗanda aka yi wa tahwil masar. Idan Allah ya kawo rabo kafin lokacin, ki sanar da su tiyatar da aka yi miki tun ranar awon farko.

Wata 2 da yi mini aiki, ina so in yi azumin Litinin da Alhamis, in kuma yi umra da rana. (Daga Makka)

Baba, ka dakata da azumin nafila sai likitanka ya ba ka izini. Kana buƙatar ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, kuma kurɓa-kurɓa kake iya sha, ba za ka rama shi tsakanin magariba da asuba ba. Umra kuwa ka bari sai ya ce jikinka ya yi ƙwari, ka yi ta da daddare, gorar zamzam da na'urar gwaji a jakarka. Idan jiri ya kama ka a wurin sa'ayi, ka zauna ka gwada sugan kafin ka ci gaba.