Muryar Malam: Dutsen Zuma tsirowa ya yi?

Assalamu alaikum yara. Na ji tambayar da ɗaya daga cikinku ta turo jiya da dare, wai Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja daga ƙasa ya tsiro kamar shuka? To, ɗiyata, bai tsiro ba. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ta cinye, shi ya rage a tsaye.

Asalinsa narkakken dutse ne da ya taso daga can ciki, amma bai kai ga fasowa waje ba, sai ya tsaya a ƙarƙashi ya huce sannu a hankali. Kun san tuwon da aka bari a rufe ya fi daɗewa da zafi, ko? Yauwa. Wannan jinkirin shi ke sa irin waɗannan duwatsu su yi ƙwayoyi manya-manya masu walƙiya, su kuma yi tauri.

Sai rana da ruwa suka shiga aikinsu, shekaru miliyoyi. Da rana dutse ya ɗau zafi ya ɗan buɗe, da dare ya yi sanyi ya tsuke, yau da gobe sai ya tsage, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ruwa ya bi tsagar ya ruɓar da shi. Wannan farfashewa kenan, a wurin take faruwa. In ruwa ko iska suka kwashi garin dutsen suka tafi da shi, ita ce zaizaya. Kada ku haɗa su, nan ne kuke yawan zubar min da maki a jarrabawa.

Ku duba kwararon bayan makaranta in an ɗauke ruwa. Jan ruwan nan ƙasa ce yake ɗauke da ita, in ya isa fadama gudunsa ya ragu sai ya sauke. Laka mai kyan da ake noman rani a kai daga nan take.

Aman wuta kuwa daban ne, shi narkakken dutsen fitowa yake yi waje, kamar yadda Dutsen Kamaru ya yi a 1999 da 2000. Wannan sai wani darasin.

Ranar Litinin kowa ya zo da tsakuwa biyu, ɗaya ta bakin rafi, ɗaya ta gindin dutse. Ku shafa ku ji wacce ta fi santsi, sai ku faɗa min dalili.