Alhaji, ka bar fadamar nan inda take

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 19 ne, shekara huɗu ke nan yana ɗaukar wa 'yan golf jaka a wani kulob a Kaduna, kuma an ce hannunsa ya faɗa. Yanzu wani mutum ya biyo ni har gida, wai in ba shi kuɗi ya samo wa yaron katin ƙwararru ya fitar da shi Dubai. Ba ni da abin sayarwa sai fadamar shinkafata. Barci ya ƙaurace mini. Wani uba daga Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba mutumin nan ko sisi.

Na haura shekara 20 ina koyar da golf, kuma maganar nan ta sayen kati ta ishe ni, don kusan kullum sai wani ya kawo mini ita. Katin ƙwararru ba a kasuwa yake ba. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Najeriya, wato PGA, wadda aka kafa a 1969, ita ke shirya gasar tantancewa. Yaro zai shiga fili a ƙirga bugunsa rami bayan rami (a golf ƙarancin bugu ne gwaninta), wanda lissafinsa ya kai ya wuce, wanda bai kai ba ya jira wani zagayen. Ba mai buga masa. In mutumin ya dawo, tambaye shi nawa ne handikaf ɗin yaron, wato lambar da ke nuna matsayin gwanintarsa a wasan. Na tabbata bai sani ba. Masu irin wannan yawo ko riƙon sanda ba su iya ba, sai babbar riga da hotuna a waya.

Abin da ke ba su ƙofa shi ne mutanenmu sun ga Tiger Woods a talabijin, sun ɗauka duk wanda aka kira ƙwararre kuɗin gasa yake kwasa. Ina! A babbar gasa ta kwana huɗu, bayan rami 36 ake yanke layi. Duk wanda ya faɗo ƙasan layin, yawanci hannu rabbana zai koma gida, alhali shi ya biya mota da masauki da ladan mai ɗaukar masa jaka. Na taɓa ranta wa wani yaro kuɗin mota daga Legas, bugu ɗaya tak ya fitar da shi. Da wannan za ka musanya gonar da ke ba ka shinkafa rani da damina?

Abincin ƙwararren kulob a koyarwa yake. Ƙarfe shida na safe kana tsaye bayan wani babban ma'aikaci da ke sarar ƙasa kamar mai huɗa, kana gyara masa kafaɗa ba tare da ka ɓata masa rai ba. Da hantsi kana shago, kana yanke tsohuwar robar mariƙin sanda kana zura sabuwa, kana sayar da ƙwallo da safar hannu. Gasa ƙari ce. Kuma ba ƙaramar sana'a ba ce: Vijay Singh, mutumin Fiji, sai da ya yi wannan aikin a wani kulob a tsibirin Borneo kafin ya lashe gasar Nigerian Open a 1988, daga baya a 2004 ya zama na ɗaya a duniya. Michael Block na Amurka kuwa, mai koyarwa ne a kulob, yana ɗan shekara 46 ya zo na 15 a babbar gasar PGA ta Amurka ta 2023, ya koma bakin aikinsa.

Akwai tarko guda da nake so ka gaya wa yaron yau. Ladan ɗaukar jaka bai hana shi buga gasar 'yan sha'awa ba, wato waɗanda ba su mai da golf sana'a ba, amma ranar da ya karɓi kuɗi don ya koya wa wani bugu, doka ta fitar da shi daga sahunsu. Gasannin nan kuwa su ne inda zai gwada kansa.

Ka sa shi ya haɗa ka da ƙwararren kulob ɗinsu a waya. Ka nemi takardun makinsa na wata shida, rubutattu, da sa hannun abokan bugu. In yana gama rami 18 da bugu 72 zuwa 75 akai-akai, ya nemi zama mataimakin ƙwararren ya fara shirin tantancewa. In har yanzu yana haura 80, da saura tukuna.