Na sa sabon kati, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfuta ta tebur a shagona na buga takardu, Linux Mint 22 ne a kanta, kusan shekara guda ina aiki da ita lafiya lau. Satin da ya wuce na cire tsohon katin hoto na AMD na sa GTX 1050 Ti na kamfanin NVIDIA, na hannu da na siyo, wai don ta ƙara gudu, amma wallahi tun ranar ko taga na ja da linzami sai ta dinga tsinkewa, fanka na ta ihu, YouTube kuwa ba a magana. In na kunna wani ɗan rubutu yana fitowa a gefe wai a duba direbobin bidiyo. Wanda ya sayar min yana ta rantsuwa katin lafiyarsa ƙalau. Cutata ya yi in mayar masa da kayansa? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata tukuna, kar ka je ka ɗauki alhakin bawan Allah. Wannan ɗan rubutun da ka gani shi ya tona asirin, Cinnamon, wato manhajar da ke nuna maka tagogi da menu a Linux Mint, shi ne ke gaya maka cewa katin yana zaune ba ya aiki, furosesa ce take zana duk abin da ke kan sikirin, kamar ka ɗauko ƙaton lebura ka ajiye shi a inuwa sannan ka ɗora wa magatakarda buhun siminti. Shi ya sa fanka take ihu.

Fara leƙa bayan kwamfutar, kebur ɗin sikirin a jikin sabon katin yake ko a ramin madabod na sama? Kar ka yi dariya, na sha ganin haka. In daidai yake toh buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta inxi -G ka duba abin da ya biyo bayan kalmar renderer. In ka ga llvmpipe, maganata ta tabbata, furosesa ce ke zanen. In kuma NV137 ka gani to nouveau ne ke tuƙa katin, wato direba (manhajar da ke sa kati aiki) na kyauta da masu sa kai suka haɗa.

Abin da ya sa ba ka taɓa shan wannan wahalar da AMD ba, direbansu yana cikin Linux ɗin tun asali, ka soka kati kawai ya kama. NVIDIA kuwa nasu a rufe yake sai ka sauko da shi da kanka, kuma a katunan jerin 900 da jerin 10 irin naka, nouveau ba ya iya ɗaga gudun katin saboda kamfanin ya kulle wannan ɓangaren, sai katin ya tsaya a gudun da ya tashi da shi, sai ka ce mota a giya ɗaya daga Zariya har Kaduna. Tsohuwar rigima ce ai, a 2012 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya yi wa NVIDIA daƙuwa irin ta Turawa a gaban kyamara a wata jami'a a Finland.

Gyaran ba wuya. Ka fara ajiye kwafin tsarinka da Timeshift, sannan ka buɗe Driver Manager ka zaɓi na NVIDIA da aka nuna shi ne aka ba da shawara. Ka tanadi data don yana da ɗan nauyi, kuma dan Allah ba lokacin da ake wasa da wuta ba, in ta ɗauke ana tsakiyar sakawa baƙin sikirin za ka tarar.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne Secure Boot, wato tsaron da ke hana duk direban da kwamfutar ba ta amince da shi ba tashi. In a kunne yake za a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri, da ka sake kunna kwamfutar sai wani shuɗin allo ya fito, yawanci tsoro suke ji su wuce shi da sauri, shikenan direba ya sauka amma an hana shi tashi, su dawo suna cewa sun saka bai yi ba. A allon nan Enroll MOK za ka zaɓa ka sa kalmar sirrin. In ya riga ya wuce ka, mokutil --sb-state zai nuna maka ko a kunne yake, ni dai a kwamfutar shago shiga BIOS nake in kashe shi in huta.

In har yanzu tana jan ƙafa, leƙa /etc/default/grub ko wani mai gyara ya taɓa cusa kalmar nomodeset, mai hana direban kati aiki yadda ya kamata, ka goge ta ka yi sudo update-grub. Haka in akwai tsohon /etc/X11/xorg.conf na zamanin AMD, sauya masa suna.

Bayan duk wannan ka rubuta nvidia-smi, zai nuna sunan katin da zafinsa. In ba ka komai amma zafin yana haura 80, ko fankar katin ba ta juyawa ko da ka sa shi aiki, ko kana ganin ɗige-ɗige masu launi a sikirin, to a nan ne za ka naɗe shi a leda ka koma wajen mutumin, ka ɗauki hoton sikirin ɗin a waya ka tafi da shi.