Tambaya da Amsa: Wane Tsohon Wasan Bidiyo Ne Ya Cancanci Matsayi Na Ɗaya?

Tambaya: Ni da abokaina mun daɗe muna gardama a kan tsofaffin wasannin RPG da na dabarun yaƙi. Wasu sun kafe a kan Final Fantasy VII, wasu kuma a kan Age of Empires II. Idan za a jera su, wanne ne na ɗaya?

Amsa: Malam, gardamar taku ba za ta ƙare ba muddin kuna auna su da mudu ɗaya, domin a wasan RPG mutum yana shiga rigar jarumi ne ya bi labari, a wasan dabaru kuwa shi ne mai mulkin gari da runduna. Saboda haka zan raba su gida biyu, kuma ma'aunina shi ne ko wanda bai buga wasan yana yaro ba zai ji daɗinsa a yau.

A ɓangaren RPG, Chrono Trigger, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1995, shi na sa a gaba. Mai wasa yana ganin abokan gaba a fili kafin a gwabza, ba sa faɗo masa daga sama duk bayan taku kaɗan, sannan labarin yana da ƙarshe fiye da goma, gwargwadon lokacin da aka tunkari babban dodon. Baldur's Gate II na 2000 yana biye, saboda abokan tafiyar jarumin suna da ra'ayin kansu, har wani yakan yi fushi ya bar tawagar. Final Fantasy VII na 1997 shi ne na uku, ko da abokanka za su ji haushi. Labarinsa da kiɗansa suna nan daram, amma surar mutanensa ta tsufa, kuma yawan faɗan da ba a shirya masa ba yana gajiyarwa.

A ɓangaren dabaru, masu goyon bayan Age of Empires II na 1999 suna da gaskiya, shi ne na ɗaya. Galibi ana farawa da talakawa uku da ɗan leƙen asiri a kan doki, a kora tumaki gindin gidan gari a yanka, a raba mutane tsakanin abinci da itace da zinare da dutse, kuma duk wanda ya yi sakaci a mintuna goma na farko, zai ga maharba a bakin gonarsa tun bai gina ganuwa ba. Har yanzu ana gasarsa, musamman bayan sabunta shi da aka yi a 2019. StarCraft na 1998 ya fi shi daidaito tsakanin rundunoninsa uku, shi ya sa ya zama sana'a a Koriya ta Kudu, sai dai yana bukatar saurin yatsu da ba kowa ke da shi ba, don haka na ajiye shi a na uku.

Na biyu shi ne Civilization IV na 2005, wanda ake bugawa bi da bi kamar dara, mutum ya yi tunani iya son ransa kafin ya motsa. A cikinsa ana iya jagorantar daular Mali a matsayin Mansa Musa, a ci nasara ta hanyar ilimi ko al'adu ba tare da an ci garin kowa da yaƙi ba.