Fim ɗin Meziko na talauci da imani? Ka nemi Macario

Ɗan uwa, tunda tsohon fim ɗin Meziko kake nema mai taɓo talaucin ƙauye da imani kuma da ɗan ban dariya, to ka nemi Macario na 1960, wanda Roberto Gavaldón ya ba da umarni. Baƙi da fari ne amma wallahi baya gundura.

Macario mai saran itace ne, ga 'ya'ya rututu ga yunwa, burinsa kawai ya ci talo-talo guda shi kaɗai, matarsa ta sato masa ɗaya ta dafa ya shige daji dashi. Shaiɗan yazo roƙo ya hana shi, wani dattijo da fim ɗin ya nuna a matsayin ubangiji shima bai samu ba (nan zai ɗan sosa maka rai, al'adar kiristocinsu ce), amma da Mutuwa tazo sai ya raba biyu. Dalilinsa? In ta tsaya ci shima ya samu lokacin cin rabonsa! Zakayi dariya tausayi kuma ya kama ka.

Ita ta bashi ruwan warkarwa, ya yi kuɗi, kotun coci ta zarge shi da tsafi. Shine fim ɗin Meziko na farko da ya shiga takarar Oscar ta finafinan harshen waje. Ka nemi mai fassara a ƙasa, da Sifaniyanci sukayi.